Sunan da Bakina Bai Taɓa Kira Ba

Ke da kika rubuto mini a ƙarƙashin kashin da ya wuce cewa ni uwa ce marar imani, sannu da ƙoƙari. Na leƙa shafinki, na ga 'yarki cikin rigar leshi, kin manna mata sumba a gaban duniya kina kiran ta sarauniyarki. Allah ya raya miki. Mu a zamaninmu da mace ta yi wa ɗan farinta haka, da tsofaffin unguwa sun zunɗe ta har ranar da za a kai ta makwanci. Ki gyara zama ki karanta, in kin gama sai ki sake yanke mini hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Sauda, a Tawa aka haife ni, a Barmu aka kai ni aure. Abin da nake ba ku labari ya faru ne cikin bazarar 1985, bayan daminar da ta yi mana alkawari ba ta cika ba. Sojoji ke mulki, iyakar Najeriya a rufe, hatsi ya zama abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Ni kuma ga ni da ciki wata bakwai, ga yaro bai cika shekara biyu ba, miji babu.

Mijin da babun sunansa Dodo. Kamar sauran samarin yankinmu na Adar, rani a Abidjan, damina a gida. Da ya ga gero ya bushe tun yana kai gwiwa, sai ya sake naɗe tabarmarsa ya bi mota. Bayan an kwana biyu ya aiko da kaset, don a lokacin shi ne wayarmu. Aka aro rediyo, aka taru a tsakar gida, aka danna. Dodo ya gai da uwarsa, ya gai da baffanninsa ɗaya bayan ɗaya, ya gai da liman, ya tambayi lafiyar jakin gidan ko ƙafarsa ta warke. Ina zaune a bakin murhu ina ta murmushi kamar sakarya, ina jiran a zo kaina. Sai na ji ya yi gyaran murya.

"Ita kuma Sauda, na sake ta saki ɗaya. Ta tahi wajen gwaggonta Tawa har Allah shi kawo sauƙi. Baki ya yi yawa gidan."

Kun ji fa. Jaki ya riga ni shiga kaset, shi kuma an bar shi a gidan.

A lokacin ba wanda ya san ina da ciki, ni kaina zargi kawai nake. Yaron kuwa yana shan nono, don haka ba a yi gardamar bar mini shi ba. Na ɗaure shi a baya, na ɗora kwallata a ka, muka hau mota zuwa gidan Gwaggo Azumi, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama bayan rasuwar iyayena.

Za ku lura ina ta cewa yaron, yaron. Yana da suna, kowa na kiran sa da shi, ban da ni. Ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu in ya faɗi. In yana kuka a gaban manya, kallon bango za ki yi har wata ta ɗauke shi. In dole sai kin kira shi, sai ki ɗaure fuska ki ce "kai, wannan". Wadda ta fi kowa iya wannan shan ƙamshin ita ce 'yar gidan mutunci, ni kuwa na iya shi har ana misali da ni. Shi ma yaron da ya fara magana, abin da ya ji kowa na kirana shi ya ɗauka. Sauda yake ce mini, gatsal.

Tawa ba ta karɓe shi ba. Yaron da ya saba da yashin Barmu da bin akuya yana jan wutsiyarta, aka kawo shi ɗaki ɗaya mai daɓen siminti da ƙofar langa-langa mai ƙara. Ya daina 'yan kalmomin da ya fara. Ya koma fitsarin kwance bayan ya bari. In namiji ya yi sallama sai ya ruga ya leƙa, ya dawo ya kama gefen zanena. Ba ya barci sai ya riƙe kunnena na hagu yana murzawa, har na cire 'yan kunnena na azurfa na ƙulle a bakin kallabi don kada ya yaga ni.

Ana nan sai Gwaggo ta gane. Ina durƙushe ina wanke tukunya ta tsaya a kaina ta daɗe.

"Tashi tsaye in gani."

Na tashi.

"Innalillahi. Rurrutsa kika yi, Sauda? Da goyo a baya? Ke ba ki iya ce wa namiji a'a ba?"

Rurrutsa shi ne abin da wasunku ke kira kwanika, wato ciki a kan goyo. Abin kunya ne babba, kuma kunyar ta mace ce ita kaɗai. Shi wanda muka yi aikin tare yana can bakin teku yana sayar da agogon hannu, ba wanda ya ce masa don me.

Ranar aka yaye shi, don an ce nonon mai ciki guba ne ga yaro. Gwaggo ta jiƙa ɓawon maɗaci ta shafa mini, ta kira maƙwabta biyu su zama shaida. Ya zo da gudunsa ya kama, ya saki, ya tofar, ya kalle ni. Sai ya zagaya ya gwada ɗayan, wai ko can ba a ɓata masa ba. Matan suka kwashe da dariya. Ni ma na yi 'yar dariyar, na kau da kai ina gyara riga. Ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ban ɗauke shi ba, aka yi ta yaba mini.

Abin da ba su sani ba, kullum da hantsi Gwaggo kan fita kasuwa da tasar dafaffen zogale. Tana juya baya nake tura ƙofar langa-langar nan, in ɗora shi a cinya, in ciro ɗan guntun cuku, busasshen nonon nan da nake ɓoyewa a cikin kwalla, in tauna masa. Tuwon jar dawar taimako ba ya cin sa sai na yi masa jirgi da loma. Nakan ɗora hannunsa a kan cikina in ce, "Ƙanenka ne a ciki." Shi kuma ya ɗaga hannu ya ɗaka wa cikin duka ya ce, "Fita." Wannan ce kalmar da ta fara dawo masa a Tawa, na yi dariya har da hawaye.

To, jar dawar da na ambata, ga inda take fitowa. Alhaji Attahir.

Alhaji ɗan kasuwa ne, mai farar Fijo buɗaɗɗiya da haƙorin Makka guda biyu. A shekarar da mutane ke jiƙa 'ya'yan anza na daji don ɗacinta ya ragu su ci, shi shaddarsa tsayawa take da kanta don sitaci, turarensa kuwa yakan riga shi yin sallama. Hatsin taimako ana raba shi ne a layi a gaban soja, amma shi nasa a buhu yake zuwa, a rufe. Inda yake samowa, Allah ya sani, ni ban tambaya ba tunda ina ci.

Ya yi aure sau uku, ya saki sau uku, duk wai matan ne ba sa haihuwa. Sai ya ji labarin wata bazawara a gidan Azumi mai zogale da ta yi ciki a kan goyo. Abin da garin ke zunɗe na da shi, shi ne ya kawo shi ƙofarmu. Ba fuskata ya gani ba, ba hankalina ba. Akuya mai saurin haihuwa ya ji an ce akwai.

Da yake ina cikin idda sai na haihu, addini bai ba shi damar buɗe baki ya ce yana so ba. Don haka wai Gwaggo yake zuwa gaisarwa. Mutumin da shekara da shekaru yana wuce ta a kasuwa bai taɓa sayen zogalenta ba, yanzu ya zama ɗanta. A shimfiɗa masa tabarmar baƙi a zaure, Gwaggo ta sa ni in ɗaura atamfata mai ruwan goro, in ja kwalli, in kai masa ruwa a kofin silba.

"Sannu Sauda. Ya nauyin jiki?"

"Da godiya, Alhaji."

"Su madam na likita me suka ce? Yaushe ake sa ran sauka?"

"Sai yadda Allah ya yi."

"Haka ne, haka ne. Amma dai kafin damina ko?"

Yana magana yana kallon cikina irin kallon mai jiran a sauke kayan wani daga mota ya loda nasa. In na koma ciki sai Gwaggo ta bi ni da zungura.

"Ki riƙa sakin fuska. Mutum na ciyar da mu kina yi mishi kallon bashi."

"Gwaggo, ina da aure a kaina fa, sai na haihu."

"Wane aure? Wanda anka yanke cikin rediyo? In Dodo na son maido ki, da ya aiko. Kaset nawa sunka zo Barmu tun ranar?"

Ta taɓa inda ke ciwo. Gaskiya zan gaya muku, har lokacin in na ji an ce wani ya dawo daga Abidjan sai gabana ya faɗi. Wautar ƙuruciya ce, ku yi mini dariya in kuna so.

Yaron kuwa tun ranar farko ya ƙi jinin Alhaji. Ya ba shi alewa, ya jefar. Ya miƙa masa hannu, ya gartsa masa cizo. Ranar da ta ƙure, ya taso daga cin tuwo, ya tafi kai tsaye ya goge hannayensa biyu a farar shaddar nan, miyar kuka har aljihu. Alhaji ya yi murmushi, haƙoran Makka suka fito, amma idonsa bai yi murmushi ba. Ina bayan ƙyaure na ji ya yi ƙasa da murya.

"Gwaggo, na cikin ba laifi. Jariri ba ya cin tuwo, ba ya kuma kallon mutum da idon ubansa. Amma wancan, ai yana da dangi."

"Shina da su, Alhaji. Kakarshi na nan Barmu."

"To ai al'ada ce, yayayye wajen kakarsa yake zuwa. Ita uwar ma na ga ba ta damu da shi ba."

"Ko kusa. Sauda akwai kunya, ko kallonshi ba ta yi."

Na tsaya a bayan ƙyauren da kofin silba a hannu. Duk shan ƙamshin da na yi don a ce ni 'yar mutunci ce, shi aka tattara aka miƙa wa Alhaji a matsayin shaida.

Ba a rufa mako ba sai ga sallamar Inna Habi, uwar Dodo. Da ƙyar na gane ta. Macen da na bari da jiki, ta dawo zane na zagaye ta kusan sau biyu, wuyanta duk jijiya. Na durƙusa na gaishe ta, na kawo mata ruwa, a raina ina cewa tsohuwar da ko goro ba ta iya saye, me ya hau da ita mota har Tawa? Ta ɗauki yaron ta ɗora a ƙafa tana jijjiga shi.

"Yunusu, Yunusu na Dodo. Ka ga yadda ka yi kumatu cikin birni."

Gwaggo ta tambaye ta mutanen gida. Ta ce ƙyanda ta shiga gidan, ɗiyan Ciɗo biyu sun koma. Ciɗo yayan Dodo ne, yaran nan kuwa da su yarona ke wasa a yashi. Ta ce rijiya ta ja baya, anza ma sai an yi nisa ake samu. Ta faɗi wannan duka, ta sha ruwa, sannan ba ko kunyar Allah ta ce:

"Munka ji an yaye shi, shi ya sa na zo in tahi da shi. Hakkinmu ne. Ita ta ji da na cikinta."

"Gaskiya ne," in ji Gwaggo. "Ke Sauda, kin ji."

Me kuke so in ce? A gaban surukata, a kan ɗan farina? Na sunkuyar da kai ina zane a ƙasa da tsinke. Bakina ya cika da magana, ina son in ce gidan da aka fitar da gawa biyu za ku kai shi, ina son in ce ba ya barci sai da kunnena, ba ya cin tuwo sai an yi masa jirgi. Abin da ya fito shi ne, "To, Inna."

"Kin gani ko," Gwaggo ta ce wa Inna Habi tana washe baki. "Tarbiyya ke nan."

Aka sa tafiya ranar da motar Barmu ke tashi. Al'ada ba ta yarda uwa ta yi rakiya ba, kada yaro ya gan ta ya tayar da hankali. Gwaggo ta ce in tafi likita awon ciki tun da safe, kafin in dawo an gama. Na haɗa masa 'yan rigunansa biyu da gwangwanin kifin da ya mayar mota, na tura sauran cukun a tsakiya inda ba mai gani. Yana wasa a bakin randa na zo wucewa. Ya ɗago.

"Sauda."

"Kai, wannan, matsa mini," na ce, don suna kallo.

Na fita. Ina tafe a gefen titi da mayafina shuɗi, rana ta fara zafi, ƙafafuna sun kumbura cikin silifa. Ina gaya wa kaina haka kowace mace ta yi, haka uwata ta yi, ba a kaina aka fara ba. Na tsaya a inuwar wata bishiyar bedi in huta, ban san na daɗe ba. Sai na ji ƙarar mota a bayana.

Farar Fijo ce. Alhaji na tuƙi, Inna Habi a gaba da yaron a cinya, Gwaggo a matse jikin ƙofa. A baya kuwa buhun jar dawa ne guda, cikakke, ɗinkinsa ko taɓa shi ba a yi ba. Ba su gan ni ba. Suka karya kwana suka nufi tasha.

Nan take komai ya zauna mini daram. Ga abin da ya hau da tsohuwa mota, ga hakkin da aka zo nema. Ba al'ada ce ta tuna da jikanta ba, Alhaji ne ya aika aka tuna mata. An sa ɗana a sikeli ɗaya, buhu a ɗaya, ni kuma an aike ni awo don kada in ga cinikin. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, ko ranar kaset bai kai ba. Na juya.

Kada ku ce gudu na yi, mai ciki wata bakwai ba ta gudu. Tafiya ce ta agwagwa, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya riƙe da mayafi. Kafin in kai tasha silifata ɗaya ta tsinke, na bar ta a nan.

Tashar cike take. 'Yan ƙauye da suka zo neman abinci, Buzaye da dabbobinsu suka ƙare suna zaune jugum a jikin bango, jandarma biyu, 'yan sandan soja, a kan benci suna shan shayi. Motar Barmu babba ce ta katako, an riga an loda. Na hango Inna Habi a sama, ta zauna a kan buhun nan ta kankane shi, yaron a ƙafarta. Bai yi kuka ba. Hannunsa ya miƙa yana laluben kunnenta, ya taɓa, ya janye, ya sake taɓawa. Direba ya tayar da inji.

Gwaggo ce ta fara gani na. Ta taho da sauri ta riƙe mini hannu.

"Mi kika zo yi nan? Da ƙafa ɗaya ba takalmi? Koma gida kafin a gane ki."

Alhaji na tsaye gefe yana jan carbi. "A'a, Sauda, da kin ce za ki fito ai da na ɗauko ki. Rana ba ta yi wa mai nauyi kyau."

Na fizge hannuna. Na matsa jikin motar, na ɗaga kai. Sunan nan yana cikin bakina tun ranar da liman ya raɗa shi, ban taɓa barin sa ya wuce haƙorana ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Na buɗe baki a tsakiyar tashar Tawa, a gaban surukata da gwaggona da maza fiye da yadda zan ƙirga.

"Yunusu!"

Gwaggo ta dafe ƙirji. Wata mata a cikin motar ta tambayi ta kusa da ita, "Ɗan farinta ne?" aka ce mata e, ta ja tsaki ta kau da kai.

Shi kuwa ya ji sunansa. Ya kalli kakarsa. Ya kalli matar da ta yi tsaki. Ya juya yana neman Gwaggo. Ya duba kowa a tashar nan ban da ni, don a saninsa wannan sunan ba daga wajena yake fitowa ba. Na sake kira, ya sake kallon kakarsa. Motar ta fara motsi.

Sai na ɗaure fuska, na sa muryar da ya sani, wadda nake korar sa da ita daga bakin murhu.

"Kai, wannan. Sauko nan."

Ya juyo kamar an ja shi da zare. Ya gan ni. Ya saki wata ƙara, ya miƙo hannu biyu yana neman faɗowa ta saman katako. Mutane suka bubbuga jikin mota, direba ya taka birki yana zagi.

Na zaci Inna Habi za ta ƙanƙame shi ta tara mini jama'a, don tana da gaskiya a wajen kowa. Ba ta yi ba. Ta kalle ni ta daɗe, sannan ta rarrafo bakin katakon ta sunkuyo da shi, wani mutum ya karɓa ya miƙo mini. Da fuskarta ta zo kusa da tawa, sai ta yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Riƙe ɗanki, ɗiyata. Can ba wurin yaro ba ne, na sani tun ina hanya. Amma don Allah kar ki bari shi sauke buhun. Akwai sauran yara gidan."

Wallahi na zo da niyyar in tsane ta har abada, sai ta hana ni.

Na kwance mayafina, na sunkuya da ƙyar, na goya shi. Gwaggo na ta faɗa a kunnena, mai ciki ba ta goyo, kin zubar mana da mutunci, me za a ce da ni a kasuwa, wa zai sake kallon ki. Alhaji ya mayar da carbinsa aljihu, ya tako a hankali yana ɗage shadda kada ta taɓa ƙasa. Har lokacin murmushi yake.

"Sauda, abin bai kai haka ba. Ki ba tsohuwa jikanta ta tafi da guzurinta, kowa ya huta. Gidana babba ne, amma ba na kiwon ɗan wani. Tun farko ban ɓoye ba."

"Ba ka ɓoye wa Gwaggo ba, Alhaji. Ni ba ka taɓa gaya mini komai ba, sai tambayar yaushe zan sauka."

"Ai addini ne ya hana in yi magana."

"Addinin bai hana ka sayen yaro da dawa ba?"

Jandarma ɗaya ya yi dariya a cikin kofin shayinsa. Ita ce dariyar da ta ɓata komai, don na ga wuyan Alhaji ya kumbura, haƙoran Makka suka koma ciki.

"Ki yi tunani," ya ce. "Buhun nan da yaron nan tare suka hau. Buhun da ke gidanku ma ni na kawo shi."

Na ɗaga kai na kalli Inna Habi. Ta koma ta zauna a kan buhun, ta dafa shi da hannu biyu, ba ta kalle ni ba. Na ce, "Alhaji, in don Allah ka ba ta, ka bar mata. In don ni ka ba ta, ni ba ni da abin biya." Na juya na kama hanya, ƙafa ɗaya da silifa, ɗaya a kan ƙasa mai zafi.

Ban kai bakin tasha ba na ji shi. Tim. Buhun ne aka jefo daga saman mota, ba abin da ke yin irin wannan ƙarar. Na ji muryar tsohuwa tana cewa wani abu, inji ya danne ta. Ban waiga ba. In na waiga zan koma, in na koma na san abin da zan bayar.

Ke mai sarauniya, ga uwar da kika ce ba ta da imani. Ta ceci nata, ta bar na wasu da anza, kuma har yau in ta ji an jefar da buhu a kasuwa sai ta tsaya.

Na cikin ya yi ta harbi, na bayan ya lafe yana ajiyar zuciya. Can ya zaro hannu daga cikin mayafin, ya laluba, ya kama kunnena na hagu ya fara murzawa. Muka wuce bedin da na huta, muka wuce inda silifata ke yashe. Daga nesa na hango ƙofar gidan Gwaggo, na kuma ji ƙarar Fijo na tahowa a bayanmu, ta wuce mu ba ta rage gudu ba, ta je ta tsaya daidai bakin zauren. Alhaji bai ko fito ba. Gwaggo ce ta sauko, ta shiga ciki, ta fito tana jan ragowar buhunmu a ƙasa za ta mayar masa.

Yunusu ya ja kunnena.

"Sauda. Tuwo."

Na ce masa to. Ban san daga wace tukunya ba.